Hanyar Dogara Zuwa Kan Dutse

Shekarar da Dogara ya yi ritaya daga reluwe, kwamitin unguwarsu a Kafanchan ya yanke shawarar a fitar da hanyar shan iska zuwa kan dutsen bayan gari, aka ɗora masa aikin. Asabar ta farko gayya ta cika, har da ganga da tukwanen kunu. Ta uku saura mutum huɗu. Daga nan sai shi kaɗai da fartanyarsa.

Laifin ba na jama'a kaɗai ba ne. Mutumin da ya tsufa a gyaran layin dogo bai san wani tsari ba sai na jirgi, jirgi kuwa ba ya son tudu. Sai Dogara ya riƙa kewaya dutsen da hanyar, a hankali, a hankali, har tafiyar da yaro zai yi da gudu ɗaya ta koma doguwar tafiya.

"Baba, mu fa ba jirgi ba ne," in ji Kumai, shugaban samari. "Wannan hanya ya yi tsawo."

Samari suka fasa tasu miƙaƙƙiya ta cikin ciyawa. Dogara ya ci gaba da aikinsa, don ba saboda su yake yi ba. Saboda Zubair yake yi.

Zubair ɗan kasuwa ne mai sayen citta, amininsa tun suna samari. Da, kowace yamma sukan hau dutsen nan su raba goro ɗaya, har gwiwar Zubair ta ƙi. Sai ga rikicin addini na shekarar tamanin da bakwai, Zubair ya kwashe iyalinsa ya koma tsallaken gari cikin Musulmi 'yan'uwansa. Ba su yi faɗa ba, sai dai kowa ya shiga jin nauyin idon mutanensa. Kewa ta ishi Dogara, abin da ba ya iya faɗa wa kowa.

Da ya gama, ya kafa benci a can sama, ya je kasuwa ya tsaya bakin rumfar abokin nasa.

"Malam Zubair, na gama hanya. Ko mai sanda zai hau."

"Sannu da aiki, Dogara," in ji Zubair, yana duban maƙwabtansa. "In Allah ya yarda."

Damina ta shigo. Kullum da yamma Dogara na sama da goro a aljihu, yana cire ciyawa, yana yashe magudanar ruwa, yana leƙen ƙasa. Awaki ne kawai ke bin hanyar, su ma ba kullum ba.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, ya zo ya tarar da sawu a laka: takalmi biyu da ramin sanda a gefen dama. Ya bi sawun lanƙwasa bayan lanƙwasa, yana haki kamar yaro, ko sau ɗaya mai sandar bai yanke hanya ba. Hanyar ta ɗauke shi har sama.

Babu kowa a bencin, sai ɓarin goro a kan ganye, an danne gefensa da tsakuwa. Zubair ya zo, amma ya zaɓi lokacin da ya tabbata unguwar duka tana coci, har da Dogara.

Ya zauna a gefe ɗaya na bencin, ya bar ɗaya gefen, ya ci rabonsa.