Maganin Gogo Rekiya

"Ɗaga ni, Hafsatu, fitsarin nan wuta ne," in ji Gogo Rekiya, tana dafe da mararta a bakin makewayi. Na ɗaga ta, na ji ba nauyi sam.

Katanga ɗaya ta raba mu a Tamawa. Tun damina take fama. Sau ɗaya aka kai ta asibitin sha-ka-tafi a Dutsin-Ma, daga nan sai Maniru, ɗan ƙanenta da ta goya tun yana tsumma, ya riƙa hawa keke yana karɓo mata magani. Ya kawo 'yan ƙwayoyi farare, ta sha, zafi ya lafa, magani ya ƙare, ciwo ya dawo. Ita kuwa ba ta da hira sai Maniru kaza, Maniru kaza, har kunnuwanmu suka gaji.

Da zazzaɓi ya kayar da ita aka sa ta a motar gyaɗa zuwa Katsina, ni na bi ta jinya. Aka ɗebi fitsarinta aka auna. Malamin asibiti ya zo ya tsaya a kanta.

"Gogo, cutar ta saba da maganin, ba ya kashe ta yanzu. Mun gwada waɗanda muke da su, ta ƙi ji, ga shi ta hau ƙoda. Don me ba kya shanyewa? Ai na mako guda ake bayarwa."

"Mako?" ta ce. "Na kwana biyu yake kawo mani."

Sai maganar maigidana ta faɗo mini, cewa ya sha ganin Maniru a kasuwar Kurfi yana sayar da farar ƙwaya irin ta asibiti. Gogo ta dubi fuskata, ta gane. Wallahi na ji kamar in shaƙe yaron nan.

Muka dawo da ita gida. Ranar Juma'a Maniru ya shigo da burodi, ya durƙusa a bakin tabarma.

"Gogo, ya jikin?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Hafsatu, ce wa baƙon nan barci nike."

Bayan la'asar ta cika. Da na shiga naɗe tabarmar, burodin yana nan inda ya ajiye shi, kiyashi sun yi masa layi.