Furen Ruwan Hoda a Gidan Surukai

Malam Sahabi yana koyar da kimiyya ne a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi, a shekarun da ake zuwa Sakkwato karɓo takardar ƙarin girma. Gidansa na unguwar Nasarawa kowa ya san shi saboda furanni. Wani kwas da aka tura shi Sakkwato ya ƙara masa son su, don a can ya ji wani malamin jami'a yana bayani cewa wasu furannin ado suna ɗauke da sinadaran da ke kare jiki daga lalacewa, kamar yadda mai ke hana ƙarfe tsatsa. Tun da ya dawo ba shi da wata hira sai wannan.

Da damina ta kama, ya kai matarsa Ruƙayyatu ganin gida a Argungu. Ya tafi wa surukinsa Tamba da dashe biyu a gwangwani: ɗaya mai jan fure, ɗan'uwan zoɓo, ɗayan kuma mai dogayen ganye da fure ruwan hoda. Tamba masunci ne da ya manyanta, ƙafafunsa na yawan kumbura. Ana zaune a zaure da maƙwabta, Sahabi ya ga an natsu ana saurarensa, sai ya saki baki.

"Baba, furannin nan ba ado kawai ba ne. Magani ne. Suna wanke jini, suna hana jiki tsufa da wuri."

Jan yake nufi. Ya san mai ruwan hodar guba ne, har yakan hana ɗalibai tsinkarsa. Amma ranar daɗin hira ya kwashe shi, bai raba su ba.

Bayan shekara, wata ranar Laraba yana cikin aji, aka ce matarsa tana ƙofar makaranta. Ruƙayyatu ba ta taɓa zuwa wurin aikinsa ba. Ta ce direban wata motar Argungu ya kawo saƙo: Baba yana asibiti tun jiya, yana ta amai, zuciyarsa tana bugawa a hankali.

Sun iske shi kwance da ƙarin ruwa a hannu, ya faɗa ƙwarai. Inna Ma'u, uwar Ruƙayyatu, tana zaune a tabarma, ga 'yan'uwa sun cika baranda. Sahabi ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe su. Nan ya hango wani reshe a kan ɗan teburin gefen gado, ganyensa dogaye, furensa ruwan hoda ya yi yaushi. Inna ce ta kawo shi don a ga abin da maigidan ya dafa ya sha. Nan take Sahabi ya gane reshen dashen da ya kawo ne.

Likita ya shigo, ya duba bugun hannun Tamba, ya ce an auna arziki tun da kaɗan ya sha. Sannan ya ɗaga reshen.

"Baba, wa ya ce maka wannan magani ne? Ko akuya ba ta cinsa."

A cikin ɗakin akwai mutum uku da ke zauren a ranar da Sahabi ya yi waccan maganar. Babu wanda ya dubi Sahabi, kuma rashin duban ya fi masa ciwo. Ya buɗe baki zai yi magana, Tamba ya riga shi.

"Ba kowa, likita. Ni dai nig ga ya yi kyau, nic ce bari in gwada. Karambanin tsuhwa na."

Aka ɗan yi dariya, likitan ya yi masa faɗa ya fita. Sahabi yana nan durƙushe, idonsa a kan siminti. Da Inna ta turo masa kwanon fura, ya kasa ko taɓa ludayin.

Da la'asar mutane suka tafi salla, ya matso kusa da gadon.

"Baba, ni ne na..."

"Malam, ka ci abinci kuwa?" in ji Tamba, ya juya fuska wajen bango. Sahabi ya gane ba za a bar shi ya faɗa ba, don suruki ba ya son ganin mijin ɗiyarsa yana ƙasƙantar da kai a gabansa.

Ya fita ya nufi gidan surukan nasa a ƙasa. Itacen ya kai masa kafaɗa, ya yi fure gwanin kyau a gefen randar ruwa, inda jikoki ke wasa. Ya ari gatari da fartanya a maƙwabta. Da rigarsa ta zuwa aiki ya sare shi, ya tono saiwar, ya haƙa rami a bayan gari ya binne maimakon ya ƙone, don ya san hayaƙinsa ma cuta ne. Matan gidan suna leƙensa ta bayan zana, ba wadda ta tambaye shi dalili.

An sallami Tamba a ƙarshen mako. A motar komawa Birnin Kebbi, sai da suka yi nisa Ruƙayyatu ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Inna ta ce in yi maka sannu da aiki."

Sahabi ya gyaɗa kai, ya ci gaba da kallon fadamun shinkafa ta taga.