Sandar Inoke a Mashigin Kawakawa

Da Inoke ya rasu, dattawan tsibirin suka kafa sanda mai ganyen kwakwa a mashigin tekun da yake kamun kifi, kamar yadda ake yi wa kowane babban masunci. Muddin tana tsaye, ko ƙugiya ba ta taɓa ruwan. Ranar fita takaba matarsa Vasemaca za ta tuge ta, a kwashe kifin da ya taru a ciyar da baƙi.

Ranar ta faɗo daidai cikar wata. Waisake, ƙanin marigayin, ya tuƙa Vasemaca zuwa wurin, sauran kwale-kwale na biye da komar kamun kifi.

"Matar Yaya, yi da jiki! Gwaza ta dahu tun ɗazu, kifi take jira."

"Kai dai cikinka ne ajalinka, Waisake."

Ta ɗaura tabaran ninƙayar mijinta, ta sunkuya ta leƙa. Kifayen kawakawa ne jingim tsakanin duwatsun murjani, matan cikinsu ya yi nauyi da ƙwai, suna lilo a hankali kamar masu barci a tsaye. Hayaniyar maza ta yi mata nisa. Can ƙasa wani ƙato mai yagaggen leɓe yana kewaya su.

Ta gane leɓen. Shekarar da ta haifi autarta Inoke ya cire ƙugiya daga bakin nan, lokacin kifin bai fi tafin hannu biyu ba, ya mayar da shi ruwa, Waisake na ta mita. "Duk a mata suke farawa," in ji Inoke, "sai sun manyanta wasu su koma maza. Bar ta, wata rana ango ce."

Ga angon, ga amarensa, ga koma a bayanta. Kewar mijinta ta kama ta.

Ta ɗago, ta dafa sandar, ta sake ta.

"Ban gama takaba ba."

"Haba, matar Yaya! Baƙi fa har daga tsibirai uku! Sai yaushe?"

"Sai kifayen nan sun sauke ƙwansu."

Ba mai tuge sandar sai ita, don haka aka juya da koma a bushe. Baƙi suka ci gwaza da madarar kwakwa suna gunaguni, ita kuwa tana rabo cikin baƙaƙen kayanta.

Waisake ya duba kwanonsa, ya share ido. "Yaya ke nan. Yana kabari ma sai da ya sake hana ni kifin nan."

Vasemaca ta yi dariyarta ta farko tun rasuwar.