Hannun Kafinta

Shekara talatin na yi ina aikin nas. Na ɗura wa yara magani suna shure-shure, na lallashi tsofaffi masu taurin kai, amma ga ƙwaya ɗaya 'yar mitsitsiya ta gagare ni a bakin kyanwa.

Kyanwar ta maigidana ce, Allah ya jiƙansa. Kafinta ne, shi ya raɗa mata Zarto saboda gurnanin da take yi in ta ji daɗi. Ni dai ba ma ga maciji da ita. Wata huɗu da rasuwarsa ta yi faɗa da wani muzuru, ƙafarta ta kumbura suntum. Likitan dabbobi ya matse ciwon, ya ba ni ƙwayoyi na kwana bakwai, safe da yamma.

"Mama, kada ta tsallake ko ɗaya," in ji shi. "In ciwon ya shiga jini, sai dai haƙuri."

Har dariya na yi. Ni zai koya wa ba da magani?

Kwana uku, ko ɗaya ba ta wuce maƙogwaronta ba. Na cusa a cikin kifi, ta cinye kifin ta bar mini ƙwayata tsaf a kwano. Na daka na jiƙa na zuƙa a sirinji, ta feso mini a fuska. Na naɗe ta da tawul, ta suɓuce ta bar mini zane uku a kunci. Daga nan ko kifin ta daina ci. Da ta ji motsina sai ƙarƙashin gado.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Daga falo sai kicin, daga kicin sai in durƙusa in leƙa gadon, in ga idanu biyu sun fara faɗawa. Tsoro nake ji ƙwarai. Yara duk sun watse, ita kaɗai ce mai numfashi da ya bar mini a gidan nan.

Na kira babbar 'yata a waya.

"Mama, ya kike yi in za ki ba ta?"

"Yadda ake yi mana! In wanke hannu tas da sabulun asibiti, in sa safar hannu..."

"Haba Mama! Ai warin wurin likitan da ya matse mata ƙafa kike kai mata. Baba fa daga aiki yake ɗaukar ta, ko kakkaɓe hannu ba ya yi."

"Shi ya sa kullum muke faɗa da shi."

"To ita ba su taɓa faɗa ba."

Na kashe wayar cike da haushi, don na san gaskiya ta faɗa.

Shagonsa a bayan gida yake, a kulle tun ranar da aka fita da shi. Sau uku ina zuwa bakin ƙofar ina juyowa, makulli a hannu, ƙwaya a aljihu. A na huɗu na buɗe. Kujerar da bai gama ba tana nan da ƙafa uku, fensirinsa a kai. Na tsugunna ƙarƙashin bencin aikinsa na cusa hannuwana cikin garin katako, na murza har gwiwar hannu yadda nake yi da sabulu. Ƙamshin ya bugi hancina, sai ga hawaye.

Ban kira ta ba. Ƙarar ƙofar ta ji, ta taho tana ɗingishi. Ta leƙa bayan benci, ta leƙa bayan ƙofa, ba ta ga kowa ba. Sannan ta zo ta shinshini yatsuna, ta hau cinyata. Na tallafi kanta, na buɗe bakin, na tura ƙwayar can ciki, na shafa maƙogwaron. Ta haɗiye, ta lashi hanci. Can sai gurnanin ya tashi a hankali.

Na zauna a ƙasa ina kallon hannuwana futu-futu da ƙura, irin waɗanda na yi shekara talatin ina kora daga teburin cin abinci. Ban tashi na wanke su ba.