Ragon Layya a Cikin Faifai

Abdulshakur mai ɗaukar bidiyo a unguwar Gidan Igwai ya yi ta goge tsofaffin ayyuka, amma sabon faifan ajiyarsa ya ƙi ba da wuri. Ya kira yayansa Mode, mai gyaran kwamfuta.

"Faifan ga shiyya-shiyya yake rubutu," in ji Mode. "Ba ya share shiyya sai an kwashe komai na cikinta."

Suka duba. Abu ɗaya ya rage a shiyyar: bidiyon ranar da ragon layya ya kori Mode har cikin kwata.

"Ka gani? Dole a goge shi," in ji Mode, yana danne murna.

"To, Yaya."

Abdulshakur ya goge shi kuwa, amma sai da ya tura wa dangi kaf.