Wushiryar Mu'minatu

Haliru ne ke tuƙa babur ɗin ranar da suka faɗi a hanyar Kebbe, za su gaida surukarsa. Shi gwiwa kawai ya kurje. Matarsa Mu'minatu ta bugi dutse da baki, haƙoranta na gaba suka zube a cikin yashi.

Tun daga ranar ta daina dariya a gaban mutane. Ko magana za ta yi sai ta ja bakin hijabi. Abu ɗaya ta roƙe shi: a mayar mata da bakinta yadda yake, har da wushiryar da ta gada wurin mahaifiyarta, wadda matan unguwarsu a Tambuwal ke yi mata kirari da ita.

Ya kai ta Sakkwato wurin wani likita mai na'urar da ke zagaya fuska ta ɗauki siffarta, sannan kwamfuta ta zana haƙoran da za su dace.

"Hajiya, ɗan yi dariya mana," in ji likitan.

Mu'minatu ta sunkuyar da kai. Yaushe za ta washe wawulo gaban baƙon namiji? Likita ya nemi tsohon hotonta. Haliru ya bincike wayarsa kaf, amma a kowane hoto bakinta a rufe yake ruf, yadda mutanen kirki ke tsayawa gaban mai hoto.

"Ba komai, na'ura za ta lissafa," likita ya ce. Da aka gama ta koma wajen mata ta zauna, ta bar wa mijinta magana.

Fuskarta ta bayyana a allo tana murmushi da haƙora jere reras, ko tsinke ba zai ratsa ba.

"Da akwai 'yar ƙofa a tsakiya," Haliru ya ce a hankali.

Likita ya murmusa. "Ai ita mutane ke zuwa daga Abuja mu toshe musu. Malam, kai da kake koyarwa, ƙauyanci za mu dasa mata?"

Haliru ya dubi farar rigar likitan, ya dubi ƙurar da ke takalminsa. Ya ce, "To, yadda kuka gani."

Bayan an dasa haƙoran, kumburi ya saɓe, ta ɗauki madubi a ɗakinta. Ta daɗe tana kallo. Haliru na ganin harshenta na lalubar 'yar ƙofar da babu.

"Malam, wanga ba bakina ba na. Ana iya ciro su?"

"Sai dai a fasa."

"Ba ka gaya ma likita ina da wushirya ba?"

Gaskiya ta zo masa har maƙoshi: ya faɗa, aka yi masa dariya, ya ji kunya, ya sayar da wushiryar don kada a ce masa baƙauye. Ya auna, ya ga ƙarya ta fi sauƙin haɗiyewa.

"Wallahi na mance."

Ya zaci za ta yi faɗa. Ta kife madubin a kan gado.

"Da ka ce likita yaƙ ƙi, da na haƙura," ta ce. "Ashe duk zaman ga da munka yi, ba ka taɓa dubana ba."

Ya buɗe baki zai gyara, ya tuna ya riga ya rantse. Ta tashi ta fita ɗora tukunya.