Magen Baba ta Ƙarshe

Ni ce na lalata magen. Ba zan ɗora wa kowa ba, ko da yake ƙanena ne ya hayaƙa ni a ranar.

Shekara talatin Baba yana ƙera 'yan dabbobin da ake jerawa a kan kantar ɗaki don ado. Shi ke murza siffar farko da yumɓu mai laushi, ni in zuba mata roba in fitar da mazubi, sannan in riƙa ɗura rezin a ciki, ruwan nan mai wari da ke daskarewa ya yi tauri kamar ƙashi. Ta ƙarshe da ya yi wata mage ce a kwance, ta ɗora haɓa a kan ƙafa. Kwana huɗu da gama ta, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi, hannun dama ya daina motsi.

Robar mazubi ba ta kamawa sai an gauraya ta da maganin daskarewa. Aikin da na yi ya fi sau dubu. Ina tsakiyar awo, ƙanena ya leƙo daga ɗakin injin sassaƙarsa mai aiki da kwamfuta, kansa fari fat da ƙura.

"Yaya, bari in ɗauki hotunanta in sa a kwamfuta kafin ki zuba."

"Ɗauka ka ba ni wuri. Kai dai ba abin da ka iya sai danna maɓalli."

"Ke kuma sai masifa."

Muka yi ta cacar baki, na zuba robar ina huci. Washegari na taɓa ta, yatsana ya nutse. Ga kwalbar maganin a kan teburi, ko murfinta ban buɗe ba.

Wuni guda na yi ina goge magen da auduga da ɗan burushi, amma duk inda na goge sai robar ta tafi da yumɓun. Kunne ne ya fara tafiya, sai ido, sai 'yan layukan gashin da Baba ya ja da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Kafin yamma, dunƙule ne kawai a hannuna. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Kullum na kai masa abinci sai ya tambaya, da bakinsa da ya karkace, "Magen fa?" Kullum in ce roba ba ta kama ba tukuna. Mutumin da ya koya mini aikin nake yi wa wannan ƙaryar, na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Ƙanena bai yi mini gori ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ya rufe kansa kwana uku da hotunan, injin yana ta kuka, har ya fito da wata mage. Na yi mata mazubi, na zuba, na goge, na shafa fenti. A idona ta yi santsi da yawa, kamar sabulu.

Muka shiga ɗakin Baba tare. Na sa masa ita a hannun hagu. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya bi bayanta da babban yatsa. Ina tsaye ina jiran tsawa.

Sai ya yi murmushi da rabin bakin da ya rage masa. Ya dubi ƙanena.

"Matso ka gani. Injin nan naka zai iya wannan? Dubi kunnen. Aikin hannu ke nan, ɗana."

"Ba zai iya ba, Baba."

Mako guda na yi ina tsoron kada ya gane. Yanzu kuma da bai gane ba, sai na ji kamar an zare mini laka. Baban da ke shafa aikinsa ido a rufe ya faɗi shekarar da ya yi shi! Ashe ba hannu kaɗai ciwon ya taɓa ba.

"A zuba guda ɗari," in ji shi. "A sa sunana a ƙasa."

"To, Baba."

Na ja masa bargo, na fito. Ƙanena yana zaune a ƙasa a bakin ƙofa, ya haɗa kai da gwiwa. Na buɗe baki zan yi masa godiya, ya riga ni magana.

"Yaya, wallahi na so a ce ya jefe ni da ita."